Jirgin da Gwaggo Ta Wanke

Jama'ar gidan nan, barkanmu da sake haɗuwa. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan ta Chereponi da ta ce in na ƙara ja mata rai za ta taso har Yendi ta ƙwace wayata. Zauna abinki 'yar uwa, yau zan zazzage muku komai.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Mudassira, 'yar Salaga, amma aikin koyar da zane ya kawo ni Yendi, ina zaune wurin ƙanwar babana, Gwaggo Atikatu. Kuma ina da wata jaraba da dangina suka rasa sunan da za su ba ta. Ƙananan jirage nake haɗawa, irin na yaƙin duniya na farko, masu fiffike biyu ɗaya bisa ɗaya, waɗanda asalinsu da katako da yadi da waya aka yi su. Suna zuwa min a kwali daga Accra, gutsi-gutsin roba, in zauna da gam da hantsaki in haɗa su ɗaya bayan ɗaya, in ja musu wayoyi da zaren kamun kifi. In an gama, jirgi bai fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa ba.

To amma haɗawar ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne tsufar da shi. Sabon jirgi mai sheƙi kowa ya gani ya san abin wasa ne. Ni so nake ka kalle shi ka rantse ya sha yaƙi, ya sauka a taɓo, rana ta cinye masa fenti. Da kwalli nake yin hayaƙin inji, da jar ƙasa nake yin taɓon taya, baƙin tukunya da ruwan shayi su ba ni tabon mai. Ƙura-ƙura nake ɗorawa da burushi, kaɗan yau kaɗan gobe, wata da watanni. Sai na gamsu sannan in fesa masa wani mai da ke kulle launin. Kafin a fesa, ko gumin yatsa yana iya ɓata shi. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa.

Ta wannan jarabar ma na haɗu da Zainudeen. Malamin dabbobi ne ɗan Bawku, aiki ya kawo shi Yendi, ya tarar da ni tsugune gindin wata matacciyar tarakta ina kankare tsatsa a takarda. Ya tsaya da babur ya tambaye ni ko magani zan haɗa. Na ce masa jirgi zan tsufar. Bai yi dariya ba, sai ya sauko ya riƙe min takardar. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba, son da ni kaina yake ba ni tsoro.

Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarsa. Hajiya Awawu 'yar kasuwa ce, albasa da masara take lodi daga Bawku da Binduri zuwa kudu, tana da manyan motoci nata na kanta. Zainudeen ba ya tsallake maganarta, in ta ce a'a magana ta mutu. Kuma ta aiko cewa kafin maza su je Salaga da goro, ita da kanta za ta zo ta gan ni. Na san ba a saba uwar miji ta taso ganin yarinya ba, amma an ce Hajiya ko buhu ɗaya za ta saya ba ta aike.

Tun da Mma, mahaifiyata, ta ji haka, ta hana kanta sukuni ta hana ni. Kullum waya daga Salaga, magana ɗaya: kada in kuskura in ambaci jiragen nan, a tura su ƙarƙashin gado, in an yi biki kuma a bar su a Salaga yaran gida su yi wasa da su. Wai wace uwa ce za ta ba ɗanta macen da ta kusa talatin tana goga wa roba baƙin tukunya? Cewa za a yi da aljanu a kaina.

Na kai ƙara wurin Zainudeen, ga abin da ya rubuto min:

"Ki bi Mma kawai. Bayan biki ni zan shigo miki da su a ɓoye, a kwalin maganin shanu."

"Sai in riƙa aiki in an fita, in ji taku in tura ƙarƙashin gado?"

"Na ɗan lokaci ne, Mudas."

"Ɗan lokacin nan shi ne rayuwata."

Ya turo min hoton fuska mai gumi kawai. Na kifa wayar na yi kukana. Don na riga na yanke a raina, gidan da sai na ɓoye hannuna zan zauna a cikinsa, ba zan shige shi ba. Amma da na tuna gidan nan shi ne gidan da Zainudeen yake, sai in rasa yadda zan yi. Ko dai Hajiya ta karɓe ni da jiragena, ko in rasa ɗaya cikin biyun.

Mma ta iso ana gobe baƙuwa za ta zo, da doyar Salaga da wagashi, cukun nan na Fulani, da sabon leshi ruwan zuma da ta ɗinko min. Aka juye gidan Gwaggo kaf. An wanke labule, an goge kwanonin cikin kabad ɗin gilashi, har tukunyar fulawar roba ta sha sabulu. Ni kuma aka zaunar da ni aka lafta min jan lalle har wuyan hannu, ba don ado ba, don a rufe fentin da ya zauna min a gefen farce. Jiragena na jera su a kwali da hannuna na tura ƙarƙashin gado. Ɗaya kawai na bari a kan teburina, wani mai ruwan ƙasa da na fi so duk cikinsu. Shi ne ban riga na fesa wa man kullewa ba, in ya shiga kwali duk aikin zai goge. Na rufe shi da kwando na ja ƙofa.

Da safe Mma ta aike ni wurin tela ya rage min hannun rigar. Ina dawowa, tun daga bakin ƙofa na hango wani abu yana walƙiya a tsakar gida, a kan faranti, tsakanin kofunan shayi da aka shanya. Na matsa. Jirgina ne. Fes da shi, tas, yana ɗigar ruwa. Babu hayaƙi, babu taɓo, babu tabon mai. Aikin da na fara tun kafin azumi ya bi ruwan wanke-wanke ya tafi kwata.

Na zauna a kan turmi. Sai ga Gwaggo Atikatu ta fito daga kicin da tsohon burushin haƙori a hannu, fuskarta fal murna.

"Kin gan shi? Ko waya ɗaya ban tsinka ba," in ji ta. "Na ji uwarki tana cewa a ɓoye. Ni na ce ba za a ɓoye ba, aikin hannun 'yar ɗan uwana ne, a kabad zan sa shi kowa ya gani. Amma ba za a nuna wa baƙuwa shi da dauɗa ba."

Ku gaya min, don Allah, me zan ce wa matar nan? Duk gidan ita kaɗai ta tsaya min. Sau nawa tana ce min jiragen nan naki sun yi datti, in yi dariya in wuce, ban taɓa zama na yi mata bayani ba. Na ce mata na gode, na shige ɗaki na cusa fuska a filo don kada kwallin idona ya zubo a kan leshi.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Ni na zaci zan ga wata ƙatuwar Hajiya da gwala-gwalai. Sai ga 'yar siririyar tsohuwa da atamfa mai sauƙi da silifas, mayafi a kafaɗa, direba na biye da ita da buhun albasa da zabi a ɗaure. Idonta ne kawai abin tsoro, ba ya wuce abu sai ya auna shi.

Na durƙusa na gaishe ta, na kawo sobolo mai sanyi, zoɓo ke nan, da tuwo da miyar ayoyo, na koma gefe na sunkuyar da kai yadda aka koya min. Mma ta shiga zuba. Wai ni ba na fita, ba ni da ƙawaye, daga makaranta sai kicin sai Alƙur'ani, ko waya ban cika taɓawa ba. Ni da ku mun san gaskiyar wannan. Hajiya tana ta cewa "to, madalla," amma loma biyu ta yi ta wanke hannu. Na ga ta shafa yatsa a kan tebur ta duba. Ta kalli labule, ta kalli hannuna, ta daɗe a kan hannun nawa. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Can idonta ya sauka a kan kabad. Gwaggo ta cika alkawari, ga jirgina nan a tsakiyar kwanoni yana ƙyalli. Hajiya ta tambaya na wane ne. Kafin in motsa Mma ta yi caraf ta ce na yaran makarantarmu ne, mantawa suka yi da shi. Hajiya ta ce a miƙo mata. Ta juya shi sama da ƙasa, sannan ta kai shi hanci ta shinshina.

"Yau aka wanke wannan," ta ce.

Ta ajiye shi a kan tebur a hankali, ta fuskanci Mma.

"Maman Mudassira, ni tsofaffin motoci nake saya, tun ina da ƙuruciya. Ban taɓa sayen wadda aka wanke ba. In na je na tarar an wanke inji, juyawa nake, don dattin ne zai gaya min inda mai ke zuba da irin hanyar da ta bi. To tun da na shigo gidan nan komai a wanke yake. Har yarinyar. Ban ga abin da zan duba ba."

Ta jawo mayafinta, ta ce a kira mata direba, hanyar Bawku da nisa.

Jama'a, gabana ya yanke ya faɗi. Na ga Zainudeen yana fita daga rayuwata a kan silifas ɗin tsohuwar nan. Mma ta daskare, Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni kuma wani abu ya taso min, haushi ne ko ƙarfin hali ban sani ba, na dai ji bakina yana magana.

"Hajiya, nawa ne. Ni na haɗa shi. Akwai wasu a ƙarƙashin gado."

Mma ta kira sunana ƙasa-ƙasa, irin kiran da ke nufin za mu haɗu anjima. Ban kalle ta ba. Na gaya wa Hajiya komai: yadda nake haɗa su, yadda nake tsufar da su, da cewa jiya war haka jirgin nan ya fi kowace motarta datti, kuma ni na sa masa da hannuna. Na ce mata lallen nan ma fenti yake rufewa. Na ce ba zan daina ba, ko a Yendi ko a wani gari, gara ta sani tun yanzu.

Ta tsaya da mayafi a hannu. "Da gangan kike sa masa datti?"

"Da gangan, Hajiya."

"Nuna min."

Na tashi na ɗauko farantin aikina. Da sabon leshina na zauna dirshan a kan leda, na jera 'yan gwangwanayena. Da na buɗe na kwalli, Gwaggo ta leƙo ta ce ashe ni ce nake cinye mata kwalli tana zargin 'yan haya. Ba wanda ya yi dariya sai Hajiya, ita ma ta hanci.

Na ɗauki burushi. Nan fagena ne, a nan ba na jin tsoron kowa. Na fara daga hancin jirgin, bayan farfela, ina yi ina bayani. Injinan wancan zamani man zurma suke sha, kuma tofar da shi suke yi, iska ta kwashe shi ta shafe gefen jirgin, shi ya sa tabon yake tafiya baya, ba ya gangarowa ƙasa. Na ja kwalli siriri daga bakin salansa, mai kauri a farko, yana dusashewa. Na jiƙa jar ƙasa na ɗan fantsala ta da bakin burushi a ƙarƙashin fiffiken ƙasa, daidai inda taya za ta watso taɓo in ya sauka a filin da ruwa ya jiƙa. Ban san lokacin da Hajiya ta sauko daga kujera ba. Sai ganinta na yi kusa da ni a ƙasa, ta sa tabarau, har numfashinta na taɓa min kunne.

Ta tambaye ni ta ina direban jirgin yake hawa. Na nuna mata, na ce nan takalminsa yake kankare fenti, na ɗan goga samfefa a wurin. Ta tambayi inda yake kamawa da hannu. Na nuna mata bakin kujerar, na kai burushin baƙin tukunya zan shafa, sai ta riƙe min wuyan hannu.

"A'a. Inda hannu yake kamawa kullum ba ya baƙi. Sheƙi yake yi."

Na kalle ta, na ajiye burushin, na ɗauko fensir na goga bakinsa a wurin, na murza da ɗan yatsa. Wurin ya ɗauki wani ɗan sheƙi na ƙarfen da ya sha hannu. Wallahi ya fi yadda na yi shi da farko kyau, kuma na gaya mata haka.

Ta daɗe tana kallon ɗan wurin nan da bai kai ƙwayar masara ba. Sannan ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da su Mma ba, motarsu ta farko ita da mijinta marigayi Alhaji Nasrullah tana nan a bayan gidanta, ba ta tashi. A ƙofar direba akwai inda gwiwar hannunsa ta cinye fenti. Sau uku yara suna cewa a sake mata fenti ko a sayar wa masu gwangwan, tana hanawa. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Muna nan har aka kira azahar. Gefe ɗaya kawai na samu na yi, shi ma sama-sama. In ka kalli jirgin ta hagu tsohon soja ne, ta dama kuwa sabo fil daga kwali. Leshina ya sha jar ƙasa, lallena ya koma baƙi. Bayan mun yi salla Hajiya ta ce a dawo mata da tuwon nan, ta cinye shi tas har da neman ƙarin miya.

Da ta tashi tafiya sai ta nuna wani babban kwano mai murfi a kabad ɗin Gwaggo ta ce a ara mata. Ta sa ni na shimfiɗa auduga a ciki, na zaunar da jirgin, na rufe. Ina tsammanin kallo za ta ƙara yi, sai na ga ta rungume kwanon ta nufi ƙofa.

"Hajiya, ban gama shi ba," na ce. "Ban kulle launin ba, ko taɓa shi aka yi zai goge."

"Duk wanda ya kusance shi da ruwa a gidana zai gamu da ni," ta ce. "Ɗaya gefen a Bawku za ki ƙarasa shi."

Ta juya wurin Mma ta ce maza za su zo Salaga da goro, a gaya wa iyayena maza su sa rana.

Gwaggo Atikatu ta rangaɗa guɗar da sai da 'yan haya suka fito. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar gida da baƙin hannu, ina dariya ina hawaye, kwalli ya zubo min har haɓa, ban damu ba. Na ci, jama'a. Ban ɓoye komai ba kuma na ci. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Mma ce kawai ba ta ce min uffan ba har gari ya waye. Na san na ƙaryata ta a gaban baƙuwa, abin ya tsaya min a rai, na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce in tashi kawai.

Da safe muna shan koko wayata ta yi ƙara. Saƙon Zainudeen ne.

"Me kika yi wa Hajiya? Direba ya ce daga Yendi har Bawku a cinya ta riƙe kwanon, duk rami sai ta yi masa faɗa."

Kafin in ba shi amsa wani saƙon ya shigo, da hoto. Wani ɗaki ne mai babbar taga, ana fitar da buhunan masara daga ciki.

"Ta ce nan ya fi haske. Wai in tambaye ki tebur mai wane tsayi kike so."

Na rubuta masa: "Kwalin maganin shanun fa?"

"Na tuba," in ji shi.

Na miƙa wa Gwaggo wayar tana gani, ita kuma ta turo min wani gwangwanin madara cike da baƙin tukunya. Tun asuba ta zauna ta kankare gindin tukwanenta duka, waɗanda ta sha wahalar gogewa shekaranjiya ba su ba ta komai ba, sai da ta aro na maƙwabta.

Ina cikin yi mata godiya na ji ana jan abu a ɗakina. Na leƙa. Mma ce a durƙushe, ta jawo kwalayen nan daga ƙarƙashin gado, ta buɗe ɗaya tana kallon abin da ke ciki, hannayenta a bayanta kamar mai tsoron wuta. Ba ta juyo ba ta tambaye ni wanne ne ba a taɓawa.

Na ce, "Duka, Mma."

Ta gyaɗa kai, ta ƙara kallonsu.

"To ki ɗaure su da kanki. A saman kayan ɗakinki za su tafi, ba a ƙasa ba."